Ƙwal-ƙwal a Hanyar Gayam

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kwance ƙafar babur ɗina a gaban surukina ba. Ko ma na so in manta, mutanen Gayam ba za su bari ba.

Bari in fara da faɗin gaskiya: ni ba makanike ba ne. Malamin kimiyya ne ni a wata ƙaramar sakandare a Birnin Gwari. Amma tun da na sayi babur na hannu wata cuta ta kama ni, cutar sauraren injin. In babur ya wuce ta ƙofar makaranta sai in karkata kai in ce wa abokan aiki, "Wancan fuloginsa ya kusa mutuwa." Babu wanda ya taɓa bin mai babur ɗin ya tambaye shi, saboda haka ba a taɓa kama ni da kuskure ba. (Duk ilimin nan daga bidiyon waya na kwaso shi, sai kuma zama a rumfar wani makanike ina hana shi aiki da tambayoyi.)

To, aka sa ranar ɗaurin auren 'yar ƙanin surukina a Gayam, kuma surukin nawa, Baba Malam Sabo, shi ne waliyyi. Ɗansa da ya saba kai shi unguwa ya yi tafiya, sai matata Hauwa ta ce ni zan kai shi. Duk wanda ya san nauyin suruki ya san abin da ake nufi da a ɗora maka shi a bayan babur. Mutumin da ko ido ba ka iya haɗawa da shi, yau ga gwiwarsa tana taɓa ka.

"Ka dai kai mashin ɗin a duba shi tukuna," in ji Hauwa.

Na ce, "A duba me? Ni da kunnena?"

Da safe na zuba babbar rigata fara, mai sitaci, wadda nake zuwa masallacin Juma'a da ita. Muka tashi a ayari, babura da dama, domin hanyar nan kowa ya san halinta a shekarun nan: tare ake tafiya, ba a tsayawa a tsakiyar daji, ba a kuma barin kowa a baya. Ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura.

Muddin muna kan kwalta lafiya lau. Muna sauka kan burji, muka shiga gargada, sai na ji shi. Ƙwal. Can kuma, ƙwal-ƙwal.

Maimakon gabana ya faɗi, wallahi daɗi na ji. Ga ƙara sabuwa fil, wadda ban taɓa ji ba, kuma a kan babur ɗina! Na rage gudu na kasa kunne. Ba gurnani ba ce, ba kuwwa ba ce, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe, a taƙaice, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar langa-langa da ɗan yatsa. Wani lokaci ta gaba nake jin ta, wani lokaci kamar ta ƙasa.

"Baba, kana jin wata ƙara?"

"Ina ji, Malam."

"Sarƙa ce ta saki," na ce, da muryar da nake faɗa wa ɗalibai amsar jarrabawa.

A wani ɗan ƙauye da ke bakin hanya na yi wa ayari hannu aka tsaya. Akwai inuwar ɗorawa, da rumfar injin niƙa, da mata sun jera kwanoni. Na naɗe hannun riga, na ciro sifana daga ƙarƙashin kujera, na ɗaure sarƙar. Na girgiza babur ɗin da ƙarfi. Shiru. Na dubi jama'a kamar likitan da ya fito daga ɗakin tiyata.

Muka hau. Ko tsawon filin ƙwallo ba mu yi ba: ƙwal-ƙwal.

Na juyo da babur muka koma gindin ɗorawar. A nan na yi babban kuskurena na farko. Na ce wa 'yan ayari su wuce da goro, su ce muna tafe, aikin minti biyar ne. Suka yi ta musu, na nace. Baba ya nemi saiwar itacen ya zauna, ya ciro carbinsa.

Yanzu fa abin ya zama na ni da ƙarar. Na buga kik, na murza totur, injin yana ci sumul. Na taɓa salansa, ta ƙona ni, amma a ɗaure take gam. Na matsa birkin gaba, na taka na baya. Na ƙwanƙwasa kowane noti. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, in na sauka ƙarar sai ta ɓace, in na hau sai ta dawo. Sai kimiyya ta zo mini: ai nauyi ne ke fito da ita! Abin da ke ɗaukar nauyi kuwa boris ne, wato 'yan ƙwallayen ƙarfen da ƙafa ke juyawa a kansu.

"Boris ɗin baya ne ya fashe," na sanar. "In muka shiga daji a haka, ƙafar na iya maƙalewa."

Kafin ka ce me, na kwance ƙafar baya. Mutane suka taru, manoma da fartanya a kafaɗa, da wani Bafulatani da ya jingina da sandarsa yana kallo. Ni kuwa da na ga taro, malantar ta motsa. Na ɗaga ƙafar sama ina juya ta ina bayani a kan gogayya da maiƙo. (Har tambaya na yi, "Kun gane?" Wani tsoho ya ce, "Mun gane, Malam.")

Boris ɗin lafiyarsa ƙalau. Ko tsatsa babu.

Sai mayarwa ta gagara. A bidiyo mutum ɗaya ke yi cikin minti biyu. Ni ga sarƙa ta zube, ga birki ya ƙi zama, ga wani ɗan guntun ƙarfe mai rami da ke shiga tsakani ya faɗa cikin yashi ya ɓace. Farar rigata ta koma zanen baƙin mai. Na duba waya, sha ɗaya saura kwata, kuma babu sabis ko ɗigo. Da na ɗaga kai sai na ga Baba Malam Sabo, dattijo mai furfura, a durƙushe yana tona yashi da yatsa yana taya ni nema. Shi ya tsinto ƙarfen. Ya hure shi, ya miƙo mini da hannu biyu. Da ma zagina ya yi.

A lokacin ne mai injin niƙan ta kashe injinta ta fito, gari ya yi mata fari har gira. Mama Saratu suke ce mata, mutuniyar kudancin Kaduna ce da ta daɗe a ƙauyen. Ta gaida Baba, ta tsuguna ba tare da neman izini ba, ta riƙe ƙafar da gwiwa, ta ce in zura sandar ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kanta. Nan da nan komai ya koma mazauninsa.

Sai ta ce, "Malam, in tambaye ka. In kana tsaye injin yana ci, yana yin ƙaran?"

"A'a."

"To ba injin ba ne. A kan kwalta fa?"

"A'a."

"To ba taya ba ne, ba sarƙa ba ne. Su ai ko'ina suna juyawa. Abu ne da yake lilo, sai an girgiza shi. Ni injina in ya canza murya, haka nake bin shi ɗaya-ɗaya, ba na fara kwancewa."

Na buɗe baki zan kawo zancen nauyi, ta riga ta juya wurin Bafulatanin nan ta ce ya ɗan hau ya zaga. Ya ba wani sandarsa, ya hau, ya bi ta cikin ramuka mafi muni ya dawo. Shiru kake ji. Ta ce ni ma in hau in bi wurin. Ramin farko: ƙwal-ƙwal.

Mama Saratu ta matso ta sunkuya a kan tanki. Ta shafa wani wuri da yatsa, inda fenti ya ɗan ƙwarzane sabo-sabo, daidai inda gaban rigata ke sauka in na zauna.

"Malam, me ke cikin aljihunka?"

Na zura hannu cikin aljihun babbar rigar, wannan mai zurfin na gaba. Yatsuna suka taɓa abu mai sanyi, mai nauyi. Tun kafin in fito da shi na san ko mene ne. Kwaɗon ƙofar gidanmu ne, ƙato, wanda makullinsa ya ɓace. Jiya bayan Juma'a na sa shi a aljihu da niyyar kai wa mai yanka makulli, na tarar ya rufe, na dawo na rataye rigar da abinta. Duk ramin da muka faɗa, shi ke dukan tanki.

Na fito da shi a tafin hannu. Sai tsohon nan ya ce, "To yanzu kam mun gane, Malam." Matan niƙa suka fashe, wata har da riƙe ciki. Bafulatanin ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi kwaɗon ya sa a nasa aljihun, ya ce, "Mu tafi, Malam, ana jiranmu."

Ana jiranmu kuwa. Mun isa sha biyu ta gota. Ashe da aka ga shiru, kuma waya ba ta shiga, hankalin kowa ya tafi wuri ɗaya. Mata a cikin gida sun fara kuka, samari sun hau babura za su biyo sawu, liman yana ta addu'a. Dangin ango kuwa wasunsu sun fara raɗe-raɗin ko waliyyi ne ya sauya ra'ayi. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin da gaske mutane sun tsorata, kuma ni na jawo.

Aka kewaye mu ana tambaya. Baba, don ya rufa mini asiri, ya ce a taƙaice, "Lafiya lau. Mashin ne ya ɗan ba da matsala, amma an cire kwaɗon."

Wani ya ce, "Kwaɗo? A cikin injin? Ikon Allah! Da ransa?"

Kafin a shafa fatiha labari ya zaga cewa kwaɗo ya shiga babur ɗin Malam tun daga Birnin Gwari yana kuka. Wata tsohuwa ta aiko a gaya mini in daina ajiye mashin kusa da randa. Na so in bar shi a haka, don ya fi gaskiyar daɗin ji. Amma ran kasuwa Bafulatanin nan ya shigo Gayam, ya ba da labarin yadda yake, har da kwaikwayon yadda na ɗaga ƙafa sama ina lacca. Tun daga nan sunana a dangin matata Malam Kwaɗo, kuma Hauwa ba ta taɓa musa musu ba.

Har yau ina son sauraren injin, ban warke ba. Sai dai yanzu in na ji baƙuwar ƙara, a babur ne ko a gida ko a wurin aiki, kafin in ɗauko sifana in fara neman mai laifi, nakan tsaya in laluba aljihuna tukuna.