Rasuwar Uwar Tsawa a Layin Mai na Makarfi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai ɗauke da ƙuna har yanzu, ni Iliyasu Tanko, direban Fijo mai jigila tsakanin Ikara, Makarfi da Kudan, nake sanar da 'yan uwa direbobi, 'yan kamasho da fasinjoji rasuwar amfilifayar motata, wato na'urar ƙara ƙarfin kiɗa, wadda aka fi sani da Uwar Tsawa. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a layin mai na Makarfi, tana da shekara uku da wata biyu a hannuna. Shekarun da ta yi a ƙasar waje ba mu san su ba, domin ta hannu ce.

A Sabon Garin Zariya aka samo ta. Ni wata ƙatuwa na so, mai ƙarfin wat dubu rubuce a bayanta. Julius, mai wayarin ɗin motoci a tashar Ikara, wanda na tafi da shi don ya duba mini, ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ajiye. Ya ce, "Malam Iliyasu, rubutu ba ya kiɗa. Ɗaga wannan ka ji." Na ɗaga wata 'yar baƙa mara kwalliya, nauyinta kamar dutsen guga. Ita ce daidai ƙarfin babbar sifikar da ke cikin akwatin katako a but. Julius ya ja mata waya mai kaurin ɗan yatsa tun daga batir, ya sa fis, mai ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa, kusa da kan batirin, ya kankare fenti ya ɗaure ɗaya wayar a jikin ƙarfen mota. Da ya kunna, ta ce dum, dum, dududum. Madubin mota ya kama rawa.

Marigayiya ba ta da wariya. Ran Lahadi ta rera wa Paulina, mai sayen tumatir daga Gubuchi, waƙoƙin coci. Da azumi ta yi wa'azi. A sauran kwanaki kalangu. Mutanen Dandamisa sukan fito bakin titi da kayansu tun ba su hango ni ba. Kuma a wannan zamani da sukari da madara suka zama labari, ta raba ni da jin kukan fasinja. Ina dai ganin bakunansu na motsi ta madubi, ina gyaɗa kai.

Ciwon ajalinta ni na jawo mata, ba zan ɓoye ba. Maiwada, abokin layina, ya sa sifika biyu a tasa motar, 'yan kamasho suka fara cewa tasa ta fi. Na sayo ta biyu, na haɗa da kaina a baki ɗaya da ta farko. Waya mai kauri ta ɓace a kasuwa, sai na yanko ta tsohuwar fankar gidanmu. Julius ya leƙa but, ya riƙe baki, ya ce na ninka mata kaya, zafi zai kashe ta. Fis ya ƙone sau uku. Da aka rasa wani a duk faɗin Ikara, na naɗe mataccen da takardar taba mai ƙyalli. Tun daga nan zazzaɓi bai sake ta ba. Daga Kudan zuwa Makarfi sai ka ɗumama dankali a bayanta, amma ko sau ɗaya ba ta ƙi aiki ba.

Ranar da abin ya faru, kwananmu uku a layi. Saura mota shida in kai bakin famfo. Na kunna ta ƙasa-ƙasa don Paulina, wadda kwandunanta ke cikin motar suna ta zubar da ruwa. Sojan da ke tsare layi ya tako da bulalarsa, ya tsaya a tagata yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "Direba, ƙara." Na ƙara. Ya ce, "Ƙara dai. In ta yi mini daɗi, kai ne na gaba." Na ce, "An gama, ranka ya daɗe," na murɗa har ƙarshe.

Ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta ce dum, dum, ta ja wani dogon gurnani da ban taɓa jin irinsa ba, sannan ta ce tas. Warin roba ya cika mota, hayaƙi ya turnuƙo daga but. Hayaƙi a gidan mai! Masu jarkoki suka watse, direbobi suka bar motoci a buɗe, sojan kuwa shi ya fara isa tsallaken titi. Na fizge waya da hannuna, ita ce ƙunar da na ambata. Paulina ta kwaso yashi da kwanonta ta zuba har wuta ta mutu, tana cewa, "Da ma Julius ya gaya maka." Da ƙura ta lafa, sojan ya dawo ya sa ni tsallen kwaɗo a gaban jama'a, sannan ya sa na tura motar zuwa ƙarshen layi.

Ta rasu ta bar sifika biyu, ɗaya a yage; rediyo mai cin kaset; kaset arba'in da ɗaya; da batir, wanda ke kwance rai a hannun Allah. Ta kuma bar maiɗakina Ummuhani, wadda da labari ya iske ta ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, daga baya ta bayyana cewa don na tsira ne.

Julius zai yi mata wanka ranar Juma'a da safe a rumfarsa, zai kuma cire abin da ya yi saura a cikinta don taimakon marasa lafiya irinta. Za a binne ragowar a bayan rumfar, gindin mangwaro. Maiwada yana iya zuwa, amma sai ya kashe kiɗan motarsa tun kafin ya shawo kwana.

Za a karɓi gaisuwa a layin mai na Makarfi, mota ta tamanin da huɗu, kusa da mai rake, har ranar da tankar mai ta iso. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya ta hagu su ɗaga murya, domin marigayiya ta tafi da kunnena na dama.