Gudumar Baban Rifkatu

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na je gaida baban Rifkatu ba, a Kafanchan, farkon shekarun 1990. Na gama digirin fiziks ke nan, kaina ya kumbura, kuma ina son aurenta kamar raina.

Bayan an taso daga coci muka zauna a tsakar gida. Tsohon ya tambaye ni abin da na karanta. Da na ce "kimiyya" na yi shiru, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina! Sai na gyara zama na shiga bayanin fozitiron: wani ɗan mitsitsin abu da ake harbawa cikin ƙarfe da inji, in ya sami gurbin da ido ba ya gani sai ya maƙale, ya ɗan jima kafin ya ɓace, da jinkirin nan ake gane lahanin ƙarfen. (Rifkatu tana ta ƙifta min ido, ni kuwa na ɗauka burge ta nake yi.)

"Ilimi ke nan, Baba," in ji ni. "Ba irin na mutanen nan na tasha ba, masu ƙwanƙwasa ƙafar jirgin ƙasa da guduma kamar masu neman ɓera."

Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da guduma mai dogon ƙota, ya jingina ta a gabana.

"Tun kafin a haife ka nake buga ƙafar jirgi da wannan," ya ce. "Idan ta tsage, kunnena yana ji. Wannan injin naka, ka taɓa gan shi da ido?"

Ban taɓa ba. Ko a jami'armu babu shi. Daga wata mujalla da aka yi wa fotokwafi na kwashe aikin digirin nawa kaf.

"A hoto, Baba," na ce.

"To. Ka gaida gida."

Kunya ta hana ni komawa ba da haƙuri, kuma wannan ya fi maganar kanta ci min rai. Wata uku Rifkatu ta jira ni, a na huɗu wani malamin firamare daga Kwoi ya kai gaisuwa.

Yanzu ko gidan wa na shiga, sai na tambayi sana'ar mai gidan kafin in faɗi tawa. Tambaya ce ta minti ɗaya, amma sai da na rasa Rifkatu na koye ta.