Jar Hular Saja Japhet

In ana lissafin mazajen da Zuru ta haifa, a fara da Saja Japhet mai ritaya, sannan a sha ruwa a huta kafin a ambaci na biyu. Shekara ashirin da biyar ya yi a soja. 'Yan baƙin ciki suna cewa a kicin ɗin bariki ya ƙare su yana yaƙi da albasa, amma ai albasa ma tana sa namiji hawaye. Yanzu shi ke tsaron ƙofar gidan renon yara na Madam Dinah a unguwar Rikoto. Kada ka kuskura ka ce masa maigadi, Kwamandan Ƙofa ne.

Abu biyu yake ji da su a duniya: jar hularsa ta soja, da sumar da ke ƙarƙashinta, wadda yake rinawa baƙi wuluk duk ranar Asabar don kada shekara saba'in ta gane shi a hanya.

Wata rana cingam ya maƙale a kitson wata yarinya har sai da aka sa almakashi, uwarta ta zo ta zazzage masifa son ranta. Madam Dinah ta rubuta a allo cewa kada yaro ya ƙara shigowa da cingam ko alawa. Layi ɗaya ta rubuta, Saja kuwa ya ji an busa ƙahon yaƙi. Ta ƙara masa fetur da alkawari: in aka yi kwana arba'in ba a ga cingam ba, za a ba shi takardar yabo gaban iyaye, a kuma sa hotonsa a kalandar gidan.

"Madam, ki sa ranki a inuwa," in ji shi. "Cingam ɗan ta'adda ne, alawa kuma 'yar leƙen asirinsa ce. Na ga irinsu da yawa."

Daga nan aka fara fareti. Kullum da safe sai ya jera 'yan shekara uku da huɗu, ya kunna tocila ga rana ƙwal a sama. Buɗe baki, ɗaga harshe, juya aljihu, cire safa. Har kakar wani yaro Yazid ya taɓa tsarewa don ya ga bakinta na motsi, ashe baiwar Allah goronta take ci.

Matsala ɗaya ce, in ya sunkuya leƙen baki sai hular ta faɗi. Da yake gwarzo ba ya rasa dabara, sai ya riƙa miƙa wa yaran ita, tana bin layi hannu zuwa hannu.

"Ku taɓa ta," yake ce musu. "Ba kowane jariri ke samun taɓa tarihi ba."

Suka kuwa taɓa. Hular na gaba, Kwamanda na biye, kowane yaro ya ciro cingam ɗinsa ya manna a cikinta, ya wangale baki tas. In an gama ya tafi bakin randa wanke hannu, kowa ya ɓamɓare nasa ya mayar. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kwana talatin da tara ana haka, Saja na ta shelar nasara har a kasuwa.

Ranar arba'in iyaye suka yi sammako, mai hoto ya iso ana tsakiyar fareti. Ganin kyamara, Saja ya manta da randa, ya fizge hular daga hannun yaran, ya kafa ta a ka, ya danna ta da tafin hannu. Ya ƙi shiga rumfa, wai soja ba ya gudun rana. Awa guda da rabi yana tsaye yana jawabi, rana na aikinta.

"Iyaye, ku duba ni da kyau. Tun da na karɓi ƙofar nan, ko ƙwayar cingam ba ta ƙetare ta ba. Idona shaho ne, hancina kare ne. In akwai cingam a harabar nan, to a kaina yake."

Aka yi tafi, ya sara wa kowa har da akuyar maƙwabta. Sai mai hoto ya ce, "Baba Saja, a ɗan cire hular, inuwa ta rufe fuska."

Ya ja, hula ta ce ba ta san zancen ba. Ya sa hannu biyu ya ja da ƙarfin soja, ta ɗago kamar taƙi guda, zaruruwa ja da kore da fari suka biyo ta, gashi na manne a jiki. Ni kaina sai da na ji tausayinsa, amma dariya ta fi ƙarfina.

Wata 'yar shekara huɗu, Goodness, ta tako ta ja ƙafar wandonsa.

"Baba Saja, in ka gama, koren nan nawa ne."

Sauran suka jeru a bayanta, layi ɗoɗar, yadda ya koya musu.

Madam Dinah ta miƙe. Ta shiga ofis ta fito da almakashin nan da aka yanke kitson yarinyar da shi, ta zaunar da Kwamanda a kujerar yara, ta yi masa ƙwal-kwabo gaban iyaye.

Da kalanda ta fito, hoton ƙofar aka sa, a rufe, ba kowa a gabanta. Ita dai ba a taɓa kama ta da cingam ba.