Malam Sallau da Aljabara

A Kwarin Gawo akwai wani mutum ana ce masa Malam Sallau. Shekara goma sha tara yana koyar da 'yan aji biyu a firamaren garin, ba a taɓa kama shi da makara ko ƙarya ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi kaya: duk abin da aka faɗa masa, yadda aka faɗa haka yake ɗauka, ba ragi ba ƙari. Baki biyar yake ciyarwa: mahaifiyarsa Inna Dije, matarsa Hansai, da 'ya'ya mata uku. Ba gona, ba sana'a, allin nan da yake riƙewa shi ne cinsu shi ne shansu. Hansai ta daɗe da sanin yadda ake auna magana kafin a miƙa masa, tun ranar da ta ce ya duba mata miya a kan wuta, ta dawo ta tarar da shi tsaye yana dubanta tana ƙonewa.

Ana nan sai doka ta zo, duk malamin da ba shi da takardar shaidar malanta ya nemo ta ko ya ba da wuri. Sallau ya shiga karatun lokacin hutu a wata kwaleji a birni. Duk darasin da ake ci da hadda ya cinye shi, sai aljabara, lissafin nan da ake cakuɗa lamba da harafi, ita ce ta kayar da shi. Hedimasta ya kira shi ya ce, "Malam Sallau, wannan hutun ne na ƙarshe. In ka dawo hannu rabbana, ba ni da bakin da zan kare ka." Haka ya koma, aka haɗa shi da mutum goma sha uku, duk waɗanda aljabarar ta taɓa kayarwa, a ajin wata Malama Saude, mace mai haƙuri wadda ta ɗauka ta gama ganin ɗalibai iri-iri.

Wata rana, a makon farko, Malama Saude ta karanta musu sharuɗɗa. Aikin gida maki ashirin, gwaji ashirin, jarrabawa sittin, kuma sai da arba'in ake tsallakewa. Ta ƙara da cewa, "Aikin gida a gida ake yinsa. Kada in ga mutum yana kwafa a bakin taga." Sallau ya yi tunani. Ɗakin kwanan ɗalibai ai ba gidansa ba ne, ko tukunya ba shi da ita a ciki. Ya naɗe littafinsa ya hau bayan motar hatsi, tafiyar rabin yini, ya sauka Kwarin Gawo. Hansai ta gan shi ta taso ta ce, "Malam, lafiya? Ko an koro ka?" Ya ce, "Aikin gida na kawo." Ya zauna a gindin darbejiya ya yi abinsa, ya koma bayan kwana biyu, an riga an karɓi na kowa. Sau uku yana wannan zirga-zirga yana kwasar sifili kafin Malama ta gano inda yake ɓacewa. Ta riƙe kai ta ce daga yau duk inda ya kwana nan ne gidansa.

Wata rana ta koya musu lissafi mai alamar daidai a tsakiya. Ta ce, "Ku ɗauke shi kamar sikeli. Abin da ka yi wa dama, dole ka yi wa hagu." Wannan magana ta kwanta wa Sallau a rai, don shi mutum ne mai son adalci. Ranar gwaji ya yi kuskure a ɓangaren dama ya goge. Sai ya tuna doka, ya goge na hagu ma. Ya sake rubutawa, ya sake kuskure, ya sake goge duka biyun. Lokaci ya cika, ya miƙa takarda wadda ba komai a kanta sai alamar daidai guda goma, a jere tsaf daga sama har ƙasa.

Malama ta ce, "Malam Sallau, ina lissafin?"

Ya ce, "Malama, ban zalunci kowane ɓangare ba."

Aji ya fashe da dariya. Su ma masu dariyar, in za a faɗi gaskiya, ba wanda ya haura maki bakwai, amma mai rauni yana jin daɗi in ya ga wanda ya fi shi. Sallau bai yi dariya ba. Ya dubi sifilinsa, ya tuna 'yan aji biyu, waɗanda yake yi wa irin wannan da'ira da jan biro, ya ji kunya ta rufe shi.

Wata rana aka ba su tambaya: shekarun wani uba sun ninka na ɗansa sau uku, bayan shekara goma sha biyu za su ninka sau biyu, shekarun kowannensu nawa? Sallau ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ɗan wane gari ne?" Ta ce ba kowa ba ne, misali ne kawai. Ya ce, "To yana da lafiya?" Ta ce ya zauna ya yi aiki. Ya zauna ya daɗe yana juya biro. Nasa mahaifin da ƙafarsa ya fita kasuwa aka dawo da shi a kwance, saboda haka ya san shekara goma sha biyu ba abin da mutum zai yi alkawarinta ba ne. A ƙarshe ya rubuta: "Ba a yanke wa rai hukunci. In Allah ya kai mu lokacin, sai a tambaye su." Malama ta karanta sau biyu. Ta so ta yi fushi, fushin ya ƙi zuwa, amma maki ma bai zo ba.

Saura mako biyu jarrabawa aka liƙa sakamakon aikin gida da gwaji. Sallau na da shida cikin arba'in. Ya tsaya gaban allon har kowa ya watse. Ba rago ba ne, littafi uku ya cika da rubutu, idonsa har ya fara ruwa. Sai dai duk lokacin da ya ga kamar ya kamo harafin nan x, sai a sake masa daraja a tambaya ta gaba, jiya biyar, yau tara, shi kuma bai saba da abin da ba ya tsayawa kan magana ɗaya ba. Ya tsorata ƙwarai. Yana da shekara arba'in da bakwai, bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, in aka karɓe allin nan bai san da wane ido zai dubi Inna Dije ba. Abinci ya daina shiga, wandonsa ya fara zamewa.

Wata rana, ana jibi jarrabawa, wani ɗan ajinsu mai suna Ɗanlami ya ja shi bayan ɗakin karatu. Ɗanlami irin mutanen nan ne da suka san ƙofar baya ta kowane ofis, kuma ya samo amsoshin jarrabawar ya raba wa kowa. Tausayin Sallau ya kama shi. Ya danƙa masa takarda a ninke ya ce, "Baba Sallau, riƙe wannan, ita za ta fitar da kai. Amma kada ka bari kowa ya ga abin da ke ciki." Sallau ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Rubutun da ke fitar da mutum daga wahala, wanda kuma ba a yarda ido ya gani ba, ai kowa ya san sunansa. Bai buɗe ba, don shi ma yana cikin kowa. Ya nufi kasuwa wurin baduku, ya sa aka naɗe ta da zare, aka ɗinke ta cikin jar fata, aka sa mata igiya. Ya ɗaura layarsa a damtse ya shiga jarrabawa.

Sauran goma sha ukun suka gama cikin rabin lokaci suka fita suna murmushi. Sallau ya zauna yana gumi yana shafa damtse, yana jiran layar ta fara aiki, ba ta fara ba. Da ya gaji da jira ya sunkuya ya yi da kansa, a hankali, layi bayan layi, ya gama tambaya biyu da rabi cikin biyar.

Abin da Ɗanlami bai sani ba, wanda ya kwafo masa amsoshin ya yi kuskure a tambaya ta huɗu, ya sa ragi inda ake tarawa. Malama Saude ta ga kuskure ɗaya, a layi ɗaya, a takarda goma sha uku. Aka kafa kwamiti, aka riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Sallau, shugaban kwamitin ya ce, "Kai ma an ba ka takardar nan?" Ya ce, "An ba ni, ranka ya daɗe. Ga ta ma, amma ba ta ci ba." Ya naɗe hannun riga ya kwance ta. Aka kawo reza aka farke ɗinkin, aka warware zaren, sai ga amsoshi tsaf, ninkinsu ko motsi bai yi ba. Malama Saude ta juya ta fuskanci bango, ba a san ko dariya take ɓoyewa ko hawaye ba.

Aka kori goma sha ukun daga kwalejin gaba ɗaya. Sallau ya tashi da maki talatin da ɗaya, bai kai ba, amma aka yarda ya maimaita. Malama ta rubuta wa hedimasta wasiƙa da hannunta, hedimasta ya kai ta gaba, aka ƙara masa shekara ɗaya.

Ya iso gida da la'asar, Hansai na tankaɗe a tsakar gida. Ta ajiye rariya ta ce, "Malam, ka ci?"

Ya ce, "Na faɗi."

Ta karkaɗe garin da ke hannunta. Can ta ce, "To aikin fa?"

"Yana nan, sai baɗi. Zan koma in sake zama da haruffan nan." Ya sauke jakarsa, ya zauna a kan turmi kamar wanda ya yi dakon buhu. "Mu goma sha huɗu muka shiga, Hansai. Sauran duk an kore su, har masu kai. Ni kaɗai aka yarda faɗuwar tawa ce."