Ledar da aka ɗaure wa mangwarona

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tara wa kaina jama'a a gindin mangwaro ba, ko da ƙwaƙwalwar tawa ta fara yoyo kamar tsohon bokiti.

Ni dai boko leƙa shi kawai na yi, na gudu gonar auduga. Amma a unguwarmu, nan gefen Bakori, ana yi mini kallon masanin abin ɓoye (ni na fi kowa yaɗa wannan labari).

Ran nan da rani na zaga bayan gida, sai ga farar leda an cusa mata reshen mangwarona da ganyensa, an ɗaure bakin tam da jan zare. Ciki kuma ruwa ya taru. Ruwa fa! Rabonmu da hadari tun kaka. Na ce shi ke nan, sammu ne. Mai shi ma na san shi: maƙwabcina Alhaji Sale, mai mitar ganyen mangwarona na cika masa tsakar gida.

Na fito ina ta faɗa har hula ta faɗi. Mutane suka taru, aka kira liman. Alhaji Sale ya fito da buta a hannu ya ce, "Haba Malam! Kaciyarmu ɗaya da kai, yau ni ne mai yi maka asiri?"

Na ce, "To uban wa ya zuba ruwa a leda tana ɗaure?"

Liman ya ce a yi addu'a. Na ce addu'a ta jira, na san makarin abin. Na sa sanda na fizgo ledar, na laɓe bayan rumbu, na yi mata abin da kakanni suka ce yana karya kowane sihiri (wanda bai gane ba ya tambayi tsohuwar gidansu, ni dai na sake alwala).

Na fito ina ɗaure tazuge ina hura hanci, sai ga jikata Hadiza da shirin makaranta.

"Kai tsohon miji, wa ya cire mini ledata?"

Ashe bitar jarrabawar bayoloji suke yi. A gaban kowa ta zayyana mini: saiwa ke zuƙo ruwa daga ƙasa, ya hau ta wasu siraran jijiyoyi cikin itacen, ya fita ta ganye kamar gumi. Shi ne ya taru a ledar. Kuma yau ɗin za ta kai wa malaminsu ya gani ya ba ta maki.

Kowa ya juyo yana kallona. Alhaji Sale ya gyara murya ya ce, "To ba ta kayanta mana ta kai. Ai ruwan ma ya ƙaru."

Har liman sai da ya zauna don dariya.

Da goro na je wa Alhaji Sale ban haƙuri. Ya yafe, amma kafin Juma'a labarin ya riga ni isa kasuwar Funtua. Hadiza kuwa ta sake ɗaura wata ledar, ta sa mini dokar kada in kusanci itacena.

Yanzu in na ga abin da ban gane ba a gidana, 'yan makaranta nake fara tambaya kafin in kwance tazuge.