Rasuwar Goggo Surutu Mai Shinshinar Kwantena

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu da suka yi luhu-luhu, Malam Mai Saiti na ɗakin gyaran na'urori yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da direbobin tirela da ba sa ko son jin sunanta, rasuwar abokiyar aikinsa, na'urar gano tururin nukiliya da aka fi sani da Goggo Surutu. Ta cika a kan teburin gyara, tsakanin sukudireba da kofin shayin da ya huce, bayan doguwar jinya.

Marigayiya 'yar akwati ce ruwan ɗorawa, da mariƙi a ka, da allura a fuska, da dogon hanci a ƙarshen waya. Ta ƙarar da rayuwarta a ƙofar tashar kaya tana shinshina kwantena, don kada wani mugun abu ya sulale cikin gari a ɓoye. In lafiya lau ne, sai ta ce ƙyas... ƙyas... a natse, kamar tsohuwa na tsintar shinkafa. In kuwa ta ji abin da bai kwanta mata ba, sai ƙirrrrr, har mai gadi ya faɗo daga benci.

Ba ta san babba ba, Allah shaida. Ta taɓa tsare tirelar ayaba tun safe har direban ya cinye rabin nonon ayaba. Ta yi wa tayil ɗin daɓen ɗaki ihu, ta yi wa takin zamani ihu, saboda su ma suna fitar da ɗan nasu tururin da ba ya cutar da kowa, amma Goggo ba ta san wani abu wai shi "ai ɗan kaɗan ne" ba. Ranar da surukar manajan tashar ta biyo ta ƙofar daga asibiti, bayan an yi mata allurar ɗaukar hoto mai ɗan irin wannan tururin, marigayiya ta raka ta da ƙara har bakin mota. Manaja ya yi ta faɗa, amma an ga bakinsa ya ƙi rufuwa don daɗi.

Sai dai masu cewa surutun banza ne su ji tsoron Allah. Ita ce ta taɓa zaƙulo wani ɗan guntun ƙarfe mai mugun tururi a cikin lodin tarkace, wanda da ya wuce, da an narka shi an ƙera tukwanen da mutane za su ci abinci a ciki.

Malam kuwa ya riƙe ta amana. Kullum da safe sai ya ɗauko ɗan ƙarfen gwaji, mai girman maɓallin riga, ya kusanta shi da hancinta. Ta kwarma ihu, ya ce madalla, sannan ya karya kumallo. Duk shekara shi ke saita ta, ya manna mata koriyar sitikar shaidar lafiya da babban yatsansa. Maiɗakinsa ta sha cewa da ita ce ke yin ƙyas-ƙyas, da tuni an kai ta asibiti kan ciwon gwiwar nan.

Ciwon ajali ya fara ne da rawar allura. Malam ya canza waya. Murya ta dishe, ya liƙe da dalma. Ya ciro kwalbar cikin wata tsohuwar 'yar'uwarta ya dasa mata, ya naɗe ta da tawul ɗinsa na gida saboda raɓa. Ta ɗan farfaɗo, muka yi ta barka. Sai wata safiya ya kawo ƙarfen gwaji dab da hancinta, ta ce ƙyas, sau ɗaya, cikin ladabi. Goggo da ladabi! Fitilarta na ci, allurarta na tsaye kamar mai hankali, amma hancin ya tafi. Da mugun kaya zai wuce ta gabanta, da sai dai ta yi masa fatan sauka lafiya.

Ya ɓoye ta a ƙarƙashin tebur, ya kifa mata hularsa. Da manaja ya leƙo neman ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, tana ɗan hutawa ne." Akwai wani ɗan sukuru a bayanta, wanda in aka murɗa shi allura za ta nuna duk lambar da ake so a gaban jami'i mai duba na'urori, a manna koriyar sitika, kowa ya kama gabansa. Malam ya ɗora bakin sukudireba a kai. Ya daɗe a haka, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana jin tireloli na shiga layi a waje. Sannan ya ajiye sukudireban, ya tafi ofis da ƙafarsa ya faɗi gaskiya, ya dawo ya kifa kai a tebur ya yi kuka wiwi, gemu da komai.

Marigayiya ta bar jakar fata mai tsinkakken zif, da igiyar ratayawa, da ƙanne biyu a sito, ɗaya ba ta da murfi. Ta kuma bar magajiya, wata sabuwa mai fuskar gilashi da aka riga aka kai ƙofa, wadda ke magana da lambobi ba ta gaida kowa. Muna mata fatan alheri, iyakar abin da za mu iya ke nan a yanzu.

Za a yi mata rakiya ranar Litinin bayan an tashi daga aiki, daga teburin gyara zuwa kantar sama ta sito. Ba za a binne ta ba, doka ta hana. Direbobin da za su zo ta'aziyya su taimaka su rage murmushi. Masu kawo wa Malam shawarar a ɗan bubbuga ta ko za ta tashi su haƙura, an bubbuga.

A wurin ne za a manna mata jar sitika, a zare batir, domin har yanzu in an kunna ta fitilar tana kawowa. Manaja ya ce zai karɓar masa wannan aikin, Malam ya ce a'a, da hannunsa zai yi. Roƙonsa ɗaya ne: in ya buɗe murfin batirin, kowa ya juya ya kalli bango.