Ma'aunin Malam Ba-Kuskure

"Ku kawo mini alƙalai goma, ko a cikin duhu za su duba riga, in dai da ma'aunina ne, maki ɗaya za su ba ta." Haka Malam Ba-Kuskure ya faɗa a ɗakin malamai na makarantar koyon ɗinki, yana dukan ƙirji har tef ɗin awon da ke wuyansa yana rawa.

Bari in gaya maka ko wane ne shi. Gajere ne mai tumbi, muryarsa ta fi jikinsa girma. Sau ɗaya aka taɓa tura shi bita, tun daga ranar ya daina cewa "ina ganin", sai dai "bincike ya nuna". Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa gogan ya ɗauka yabo ne, har yana amsawa da murmushi.

Matsalar makarantar kuwa ta gaske ce. Duk ƙarshen shekara kowane ɗalibi zai ɗinka riga, malamai uku su raba su duba. Wanda rigarsa ta faɗa hannun Dogo ya haye, don shi ko buhu ka huda wa wuya zai ce ka yi ƙoƙari. Wanda ta faɗa hannun Inna mai yanka sai kuka. Na ukunsu Kawu ne, dattijo mai gudun rigima. Iyaye suka yi ta ƙorafi, wasu har suna cewa za su cire 'ya'yansu. Sai Hajiya mai makarantar ta ce duk wanda ya daidaita bakin alƙalan nan, shi ne mataimakinta.

Ba-Kuskure ya kawo ma'auninsa, takarda cike da tambayoyi. Shin wuyan rigar yana da kwarjini? Hannunta ya sauka cikin natsuwa? Aljihunta mai kunya ne ko fitsararre? Ya miƙa musu riga ɗaya don gwaji. Dogo ya ba ta tara cikin goma, Inna ta ba ta biyu. Kawu ya ba ta biyar, ya ce shi kowa biyar yake ba shi, saboda yana son a ci gaba da gaishe shi a hanya.

Gogan ya ce laifin ba na ma'auni ba ne, na masu aunawa ne. Ya zaunar da su ya yi ta zuba har Kawu ya yi gyangyaɗi ya farka. Aka sake kawo rigar. Dogo da aka kunyata kan sassauci ya ba ta biyu. Inna da aka ce ba ta da imani ta ba ta tara. Kawu yana nan a kan biyar ɗinsa.

Da ya ga kujerar mataimaki tana neman suɓuce masa, sai ya ja su gefe ya kawo dabara. Ranar jarrabawa zai tsaya a bayan ɗaki, in ya yi tari riga ta yi kyau, in ya sosa kai ba ta yi ba.

Ranar ta zo, aka jera riguna a kan igiya, iyaye da ɗalibai suna leƙe ta taga. Ɗakin ga zafi, ga ƙurar yadi. Ba a je ko'ina ba tari na gaske ya sarƙe shi, gumi kuma ya sa shi susa ba ƙaƙƙautawa. Dogo yana jin tari yana rabon goma-goma. Inna ba ta ji sosai, susar kawai take gani, tana ta kayar da bayin Allah. Kawu ya tambaya ko a kira likita. Ba-Kuskure ya tuɓe rigarsa da ta jiƙe, ya rataye a ƙarshen igiya, ya fita famfo daga shi sai singileti.

Da ya dawo ya tarar Hajiya ta iso, alƙalai uku suna fara'a. Dogo ya ce masa albishir, an samu rigar da bakinsu ya zo ɗaya a kanta, kowa sifili ya ba ta, har da Kawu.

Nan take tari ya warke. Ya sa aka buɗe ƙofa jama'a suka shigo, ya ce a faɗa musu dalili. Inna ta ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Dogo ya ce wuyan kamar na kaza mai mura. Kawu ya ce aljihun hammata ya nufa.

"Kun ji aikin ilimi," in ji Ba-Kuskure. "Wanda ya ɗinka wannan ya nemi wata sana'a, allura ba tasa ba ce. A ɗaga ta kowa ya gani."

Dogo ya ɗaga ta sama, tana ɗigar gumi. Ba-Kuskure ya dubi rigar, ya dubi singiletinsa. Ya buɗe baki zai ɗora wa wani tela laifi, sai Inna ta tuna masa cewa da safen nan ya gama gaya musu shi ba ya sa ɗinkin kowa sai nasa.

Hajiya ta karɓi rigar da yatsa biyu ta miƙa masa.

"Malam, sa abarka kada sanyi ya kama ka. Ranar Litinin ka zo da wuri, akwai gurbi a ajin 'yan koyo."